Zuwana Ikko Sayen Kwamfuta

Motar da ta kawo wake Ikko za ta koma da goro, ita ta sauke ni a Agege da hantsin wata Talata, shekara biyu da barin sojoji mulki. Kwana biyu muka yi a hanya daga Malumfashi. Duk tsawon tafiyar hannuna na dama bai bar ƙuguna ba, don a nan Yaya Hajara ta ɗinke mini kuɗin a cikin wando, ta ce ko wanka zan yi kada in rataye shi inda idona ba ya kaiwa.

Shekaruna ashirin da biyu a lokacin. Na sami gurbin karatun ilimin kwamfuta a wata jami'a ta Arewa, alhali duk rayuwata sau uku na taɓa kwamfuta da hannuna, shi ma a shagon wani mai buga takardu a Funtuwa. Wani ɗan unguwarmu da ya riga ni shiga jami'a ya ce mini duk wanda ya zo wannan karatu ba shi da tasa, ɗan kallo zai zama har ya gama. Na kai maganar gida. Yaya Hajara ce ta riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu. Bayan kwana huɗu na ga an zo da amalanke ana ɗaure injin markaɗenta, wanda da shi take ciyar da mu da 'ya'yanta uku. Kowa ya ce a Ikko kwamfuta ta fi araha, ga kuma Kawu Sale, ƙanin Innarmu, yana sayar da goro a Agege. Mako biyu aka yanka mini: in je, in sayo, in dawo kafin a fara rajista.

Agege ba ta yi mini kama da baƙon wuri ba da farko. Ko'ina Hausa ake yi, ga mai shayi, ga mai tsire, ga ƙamshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi. Sai da na saurara sosai na gane Hausar tasu ba irin tamu ba ce. Mutum zai fara magana da Hausa, ya ratsa ta Yarbanci, ya ƙare da Turancin buroka, bai ma san ya yi ba. Kawu ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya kira babban ɗansa Nura, sa'ana, haifaffen Agege, ya ce, "Ga ɗan'uwanka nan, a hannunka yake. Kai ka san garin."

Ni da Nura taubasai ne, don haka tun a ranar ya raɗa mini suna Malam Ƙauye, ni kuma ban ji haushi ba. Shi ya koya mini yadda ake ɗafe danfo, motocin haya masu ruwan ɗorawa, tun ba su gama tsayawa ba. Shi ya hana ni gai da kowa a hanya. Na sake da shi ƙwarai, har na nuna masa inda ɗinkin yake.

Washegarin zuwana na shiga wani ɗan shago kusa da layin dogo don in yi kwafin takardar shigata jami'a. Mai shagon wata mata ce mai kimanin shekara arba'in, ana kiranta Madam Rifkatu, Kirista ce daga kudancin Kaduna. Ta daɗe tana aikin buga takardu a wani kamfani a Afafa kafin ta buɗe nata. Da ta karanta takardar sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Kwamfuta za ka karanta? Kai, Allah ya taimake ka, ƙanena. Kana da ita?"

Na ce sayenta ma ya kawo ni. Ta tambaye ni wace iri, na ce ban sani ba, ashe iri-iri ce? Ta yi dariya, ta jawo mini kujera. Ta nuna mini nata guda biyu, kowace da akwatinta a ƙasa da allonta mai ƙaton ƙeya kamar talabijin. Ta ce waɗannan su ne na tebur. Akwai kuma laftof, wadda ake ninkewa kamar littafi a sa a jaka, a ɗora a cinya a yi aiki.

Ina jin haka zuciyata ta tafi ga laftof, kuma ba don gayu kaɗai ba. An gaya mini ɗakin kwanan ɗalibai mutum takwas ne a ciki, ba tebur, ba makulli na kirki. Wuta kuwa sai an ga dama ake kawowa, laftof kuma tana da batir. Sannan ga doguwar hanyar komawa. Na jera mata duk wannan.

"Gaskiya ka faɗa, duk gaskiya ne," in ji ta. "Amma kuɗin ɗalibi ba ya sayen sabuwar laftof. Tokumbo za ka samu, wadda Turawa suka gama ci suka yar. Ta tebur, in wani abu ya mutu a ciki, ka kwance ka sa wani, ko a Kano za ka samu. Laftof in ta mutu, ta mutu da kuɗinka gaba ɗaya. Kai da za ka koyi abin, ka sayi wadda za ka iya buɗe cikinta ka gani. In ka bari sai Asabar, ni zan raka ka."

Na gaya wa Nura da yamma. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Malam Ƙauye! Ka shiga jami'a da akwati a ka kamar mai tallan talabijin? Abeg, kada ka kunyata mu." Sai ya rage murya. "Ita matar nan, ka san ta ne? So take ta kai ka wurin mutanenta su sayar maka da tarkace. Ka manta halin da ake ciki a Kaduna tsakaninmu da su? Ga ɗan'uwanka na jini, sai ka bi bare?"

Wannan maganar ita ta kama ni. Ban jira Asabar ba, ban kuma koma na gaya mata ba.

Ranar Alhamis muka tafi kasuwar Alaba a Ojo. Danfo uku muka canza. Ban taɓa ganin kayan wuta masu yawa haka ba, rediyo da firji da fanka jibge har kan hanya, kowane shago da janaretonsa yana ihu. Nura bai tsaya ko'ina ba, bai taya a ko'ina ba. Kai tsaye ya ja ni wani bene, muka shiga shagon wani ƙaton mutum mai zobba a yatsu, wanda ya kira Oga. Da na yi hankali, da na tambayi kaina yadda ɗan mai goro ya san wannan lungu haka.

Na dage sai an nuna mini duka biyun. Mutumin ya kunna wata ta tebur, fara, mai tsabta. Ta tashi ba gardama, ya bar ta a kunne, kuma kuɗinta zai bar mini canjin da zan yi rajista har in sayi littattafai. Wallahi na kusa cewa a ɗaure mini ita. Nura ya yi wa mutumin magana da sauri cikin buroka, ban kama komai ba. Sai ga baƙar laftof an fito da ita daga ƙarƙashin kanta, an buɗe, an ɗora mini a cinya.

"Rubuta sunanka," in ji Nura.

Na lalubi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Sagir Lawal. Na ga sunana ya fito a allo, a kan cinyata, kamar wani babban ma'aikacin banki. Na ce ina jin ɗumi a ƙafata. Mutumin ya ce alamar ƙarfin inji ke nan, ya miƙo hannu ya rufe ta. Duka-duka ba ta yi minti biyar a kunne ba. Na zaga bayan shagon, na farke ɗinkin Yaya Hajara da haƙorina. Kusan duk abin da ke ciki ya tafi.

Washegari da safe na kunna ta a zauren Kawu, maƙwabta suka taru suna kallo. Bayan kamar kwata na awa ta ɗauke da kanta. Nura ya ce hutawa take yi. Na sake kunnawa, ta sake ɗaukewa. Ran Lahadi na danna, na danna, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Kwana biyu ina zagaye shagon Madam Rifkatu kafin in iya shiga. Ba ta ce mini ai na gaya maka ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko ƙaramin sukudireba, ta kwance bayan laftof ɗin, ta juyo mini da shi. Cikin duk tsatsa ne da wani farin gari kamar gishiri, ga wata waya an liƙe ta da gam.

"Ruwa ta sha, tun a jirgi ko a sito," in ji ta. "An busar da ita ne aka lallaɓa ta yadda za ta tashi na ɗan lokaci. Wanda ya sayar maka ya sani."

Na nemi Nura ya raka ni mu mayar, aka ce ya tafi Ibadan karɓo wa Kawu kaya. Na koma Alaba ni kaɗai, na ɓata sau biyu kafin in gane benen. Mutumin ya dubi rasiɗin, ya nuna mini wani layi da aka buga a ƙasa da ƙananan haruffa, wai an gwada a gaban mai saye, ba a mayarwa. Na roƙe shi da ɗan Turancin da nake da shi. Na ce ya karɓe ta ya ba ni ta teburin nan ko da ba allo. Na gaya masa labarin injin markaɗe. Da na ɗaga murya, sai ya kira wani Bahaushe mai gadin layin ya ce ya fassara mini, don kada in ce ban ji ba.

Dattijon ya saurare shi, sannan ya juyo gare ni yana kallon ƙasa.

"Ɗana, cewa ya yi ka je ka tambayi ɗan'uwanka. Wai tun ran Laraba ya zo shi kaɗai, ya ce zai kawo baƙo daga Arewa. Shi ya zaɓi wannan ɗin, don ita ce rabonsa zai fi tsoka a kai. Ya ce da ka ɗauki ta tebur, da ɗan'uwanka bai sami abin kirki ba." Ya ƙara da cewa, "Wannan kuma tawa ce, ba tasa ba: ka tafi. In ka ƙara ɗaga murya a nan, duka za su yi maka."

Na sami Kawu a rumfarsa bayan la'asar yana zaɓen goro, yana ware fari da ja. Na durƙusa na gaya masa komai. Hannunsa bai daina aiki ba. Da na gama ya ɗago kai.

"Sagir, na ji. Yaron nan ya sha jawo mini magana. Amma ka dubi girman Allah, kada wannan ta je kunnen Yayata, Innarku. Hawan jini gare ta. In ta ji, ni da ita mun rabu ke nan har abada. Ka ce ɓarayi suka ƙwace a mota."

"Kawu, Yaya Hajara fa? Injinta fa?"

"Allah zai mayar mata. Ka ɗauka wasan taubasai ne ya yi muni."

Ya zaɓo manyan goro guda biyar ya miƙo mini. Na karɓa, don ba a koya mini ƙin karɓar abu daga hannun babba ba. Har yau ina tuna yadda na sa hannu biyu na karɓa har da godiya.

Ban iya ci gaba da cin tuwon gidan ba, ban kuma iya komawa Malumfashi hannu wofi ba. Wani ɗan ci-rani da muke sallah tare, Mamman, mutumin Illela, ya ce ana neman masu sauke buhuna a Ijora. Na bi shi. A can na yi wata huɗu. Muna sauke shinkafa da suga daga tirela zuwa sito, mu goma sha biyu, yawanci Sakkwatawa da mutanen Nijar. Makon farko fatar kafaɗata ta saɓule. Mamman ne ya yanka tsohon bargonsa biyu ya yi mini gammo, ya koya mini yadda ake karɓar buhu da baya ba da wuya ba. Suna kirana Ɗan Jami'a, ba da izgili ba. In takarda ta zo daga gida ni nake karanta musu, in rubuta amsa.

Tawa amsar ce ta fi ba ni wuya. Wani direba ya kawo mini wasiƙar Yaya Hajara, ɗanta ya rubuta mata. Ba ta tambayi kwamfuta ba. Cewa ta yi an ce Ikko akwai sauro, in riƙa shan magani, kuma yanzu tana yin ƙuli-ƙuli, kasuwa ba laifi. Na san yadda hannunta yake ciwo, na san abin da matsar tunkuza yake yi wa mai irin wannan hannun. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na rubuta mata cewa kaya sun yi tsada, ina jiran jirgi ya iso. Ranar da na ba direban wasiƙar ita ce ranar da aka rufe rajista a jami'a. Na san ranar sarai. Na sauke buhuna har magariba.

Wata Lahadi na je Agege karɓo ragowar kayana, na bi ta layin dogo ina sauri kada Madam Rifkatu ta gan ni. Ta gan ni. Dawowarta ke nan daga coci, da ɗaurin ɗankwalinta babba.

"Ƙanena! Zo nan. Haka ake yi? Ka ɓace kamar ni na cuce ka?"

Ta dubi kafaɗuna da tafin hannuna, ta gane komai. Ta buɗe shagon, ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Akwatin tsohuwar kwamfuta ne, murfinsa a lanƙwashe. Ta ce ta farko da ta fara sana'a da ita ce, wasu kayan cikin sun mutu, wasu da ransu. Ta ce in kawo matacciyar laftof ɗin, akwai mai gyara da zai karɓe ta don allonta, ya ba mu abin da ya rage mana.

Lahadi shida na yi ina zuwa daga Ijora. Ba ta taɓa haɗa mini komai da hannunta ba. Takan zauna da kwanon shinkafarta ta ce, "Cire wancan. A'a, a hankali, ba buhu ba ne. Me sunansa? Me yake yi?" In na kasa ta sa in sake. Ranar da abin ya yi ƙara ya tashi, ta buga tafi ta ce, "Yauwa! Mun gode Allah!" Allon da muka samu tsoho ne, launinsa ya koma kore-kore, kusurwa ɗaya ta yi duhu. Na ciro abin da na tara a Ijora na ajiye mata a tebur. Ta ture shi.

"Ka riƙe na mota. Ka rubuta wa makarantar su ajiye maka gurbinka zuwa baɗi, zo in buga maka takardar yanzu."

Ban taɓa gaya mata abin da ya hana ni jiran ta ran Asabar ɗin nan ba. Ina jin ta sani.

A tashar Oyingbo na hau motar Arewa. Ina cikin fama da kwalaye biyu, kwandasta yana cewa sai dai a ɗaure su a saman mota, sai na ji an ɗauke mini ɗaya daga baya. Nura ne, Kawu ya turo shi ya yi mini rakiya. Sabon takalmi ne a ƙafarsa, da agogo.

"Malam Ƙauye, ashe dai akwatin ka koma," ya ce yana dariya. Da ya ga ban yi ba, sai ya ce, "Kada ka riƙe ni a zuci, ɗan'uwa. Legas ce. Kowa haka yake yi."

Na bar shi ya ɗauka, don kwalin da nauyi. Na sa akwatin a ƙarƙashin ƙafafuna, allon kuma na rungume shi a cinya tun daga Ikko har Funtuwa. Da muka isa sai da aka kama ni aka sauko da ni, ƙafafuna sun mutu.

A gida na faɗi abin da Kawu ya ce in faɗa. Innarmu ta yi ta godiya ga Allah da ɓarayin ba su taɓa lafiyata ba, ta sa aka rubuta wa Kawu wasiƙar godiya a kan ɗawainiyar da ya yi da ni. Yaya Hajara ta dube ni ta daɗe, ta shafa murfin akwatin da ya lanƙwashe, ta koma kan turminta.

Jami'a ta ajiye mini gurbin, na shiga bayan shekara guda. A ajinmu kaf mutum uku ne ke da kwamfuta, har da ni. Malamai a allo suke rubuta komai da alli, mu kwafa a littafi, jarrabawa ma a takarda muke yi. Waɗanda ba su da ita sun gama lafiya lau, wasunsu sun fi ni sakamako. Shi ɗan unguwar tamu da ya ce zan zama ɗan kallo, na gano ashe tarihi yake karantawa.

Shekara tara bayan haka aiki ya kai ni Ikko. Na sayi turmin atamfa mai kyau na nufi Agege. An rushe duk shagunan bakin layin dogo, wurin ya zama fili ana ajiye babura. Na tambayi mai shayi, na tambayi masu goro, na je coci biyu. Wani ya ce ta koma gida, wani ya ce Abuja, wani ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ban san sunan mahaifinta ba, ban san garinsu ba. Mako shida na yi ina ganin matar nan, ban taɓa tambaya ba.

Nura kuwa ban taɓa rasa shi ba. Duk biki, duk suna, duk rasuwa a danginmu yana nan a sahun gaba. Ranar da aka yi jana'izar Innarmu shi ya riƙe mini hannu a maƙabarta, yana gaya wa mutane cewa shi ya fara kai ni inda na sayi kwamfuta. Aka juyo ana kallona, na ce haka ne.